Zazzaɓi a Kan Gadon Tiyata: Abubuwan da ke Kawo Shi Lokacin Dashen Hanta



A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, idan mutum ya wayi gari jikinsa ya yi zafi, kai yana sara, gaɓoɓi suna ciwo, cewa yake yi masassara ta kama shi. Bakano ko Bazazzagi kuwa zazzaɓi zai ce. In an ƙara tambayarsu wace irin masassara, wane irin zazzaɓi, amsar ɗaya ce: maleriya, watau zazzaɓin cizon sauro. Daga nan sai kantin magani. Sau da yawa kuma sun yi gaskiya, domin binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar cikin shekarar 2021 ya nuna cewa cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kebbi, 49 suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu, alhali kuwa a ƙasa baki ɗaya 22 ne. A wannan bincike babu jihar da ta kai Kebbi. Da aka tashi soma allurar rigakafin maleriya cikin watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara.

Amma sabo ya yi wa kalmar illa. Yau da gobe ya sa zazzaɓi da maleriya sun zama abu guda a bakin jama'a, har an manta cewa zazzaɓi alama ce kurum, kamar hayaƙi, wanda kan tashi daga murhu, ya tashi daga bola, ya kuma tashi daga rumbun da ya kama da wuta. Mutanen Aliero da Jega da Gwandu sun ga haka cikin bazarar 2025, sa'ad da sanƙarau ya ɓulla, shi ma kuwa da zafin jiki da ciwon kai yake sallama. To, akwai wani wuri inda rarrabe alama da cuta ke zama batun rai da mutuwa cikin 'yan mintoci kaɗan, shi ne ɗakin tiyata, a daidai lokacin da ake cire wa mutum hantarsa ana dasa masa wata. Zazzaɓin da kan taso a wannan lokaci shi ne batun wannan lacca.

Hanta da ciwonta

Bahaushe ya san hanta tun daga teburin mahauci da ranar layya, ya kuma sa ta cikin maganarsa, domin in tsoro ya kama mutum akan ce hantar cikinsa ta kaɗa. Sakkwatawa da Kabawa sukan ce anta. Ta babban mutum takan kai nauyin kilo ɗaya da rabi, kuma kusan rubu'in jinin da zuciya ke bugowa ta cikinta yake bi. Ita ke tace guba, ita ke ajiye sukari, ita ke yin ruwan madaciya, ita ke haɗa mafi yawan sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Akwai kuma wani aiki nata da ba a cika ambata ba, wanda a kansa wannan magana za ta rataya: hanta murhu ce. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ɗumin da jiki ke samarwa in mutum yana kwance yana hutawa, daga gare ta yake fitowa.

Abin da ya fi kashe hanta a wannan ƙasa shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya samu kimanin mutum 8 cikin kowane baligai 100 suna ɗauke da ita. Akasari tun ana yara ake kamuwa, ko wajen haihuwa, ko ta askar da aka yi wa yara da dama aiki da ita ba tare da an dafa ta ba. Sai cikin 2004 aka shigar da rigakafinta cikin alluran jarirai, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba, sai fa wanda ya nema da kansa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ƙara wa wutar makamashi, domin gubar da ke cikin fumfunar nan tana haɗuwa da ƙwayar su jawo sankarar hanta. Cutar takan yi shekara 20 ko 30 ba ta ce uffan ba. Ranar da ta yi magana, ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, wani har aman jini. Mai ciwon ƙoda yana da injin wankin jini da zai riƙe shi shekaru. Mai ciwon hanta ba shi da irin wannan gata, in ta gama lalacewa sai dashe.

Thomas Starzl ne ya fara gwada dashen hanta ga ɗan Adam a birnin Denver na Amurka cikin 1963, yaron kuwa ya rasu a kan gadon tiyata saboda zubar jini. Sai cikin 1967 ya samu wadda ta rayu fiye da shekara guda. Roy Calne ya soma nasa a Kambirij ta Ingila cikin 1968. Aikin bai zauna da gindinsa ba sai da aka sami maganin saikulosforin mai hana jiki ƙin baƙuwar hanta, har cikin 1983 wani babban taron likitoci a Amurka ya amince cewa dashen hanta ya wuce matsayin gwaji. Cikin 1989 kuma aka yi nasarar yanko wani sashe na hantar mai rai aka dasa wa wani, a Brisbane ta Ostireliya, domin hanta tana tofowa ta cike gurbin abin da aka yanke. A nan Arewa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma dashen ƙoda cikin 2002, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya yi nasa na farko cikin 2025. Masu neman dashen hanta kuwa, akasarinsu ƙetare suke nufa, musamman Indiya da Masar. Watau in ciwon ya faɗa wa manomi a Dangamaji, ko malamin makaranta a Maiyama, sai an sayar da gona da shanu, dangi sun yi karo-karo, sa'an nan a sami ƙane ko ɗa wanda jininsa ya dace, su kama hanya su biyu da mai jinya.

Inda ake jiran sanyi

Wanda bai san aikin ba zai zaci zafi ake tsoro a ɗakin tiyata. Sanyi ake tsoro. Aikin yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, ciki a buɗe, ɗaki da na'urar sanyaya iska. Maganin sa barci yana buɗe jijiyoyin fata, ɗumin ciki ya gudo waje, yana kuma hana jiki rawar ɗari, wadda ita ce dabararsa ta ɗumama kansa. Ana ɗura ruwa da jini leda bayan leda. Sa'an nan a zo matakin da aka cire tsohuwar hanta, ba a gama ɗinke sabuwar ba, mutum yana kwance babu murhu. Ita sabuwar kuma daga cikin ruwan ƙanƙara aka tsamo ta, mai sanyin digiri 4 ko kusa da haka, domin da sanyi ake adana ta. Da an saki jini ya ratsa ta, sai ya koma zuciya da wannan sanyi, ma'auni ya ƙara faɗuwa. Jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa da kyau, ga shi dama mai ciwon hanta jininsa a tsinke yake. Don haka likitan sa barci yakan lulluɓe majinyaci da bargo mai hura iska mai ɗumi, ya ɗumama duk ruwan da zai shiga jijiya, yana ta fama ya riƙe ma'auni kusa da digiri 36 ko 37.

Bugu da ƙari, magungunan sa barci da na kashe zafin ciwo suna danne zazzaɓi, haka ma maganin danne garkuwar jiki da ake bayarwa tun ana cikin aikin. Idan duk da waɗannan ma'auni ya haura digiri 38 yana neman 39, to lalle ruwa ba ya tsami banza.

A nan ya kamata a rarrabe abubuwa biyu waɗanda Hausa ta haɗa, ko da yake tana da kalmomin da za ta raba su in an so. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai kula da ɗumin jiki, wanda ya tsayar da shi wajen digiri 37. In ƙwayar cuta ta shiga, dakarun jini sukan saki wasu sinadarai su je su sa wannan sashe ya ɗaga ma'aunin da gangan, ya ce 39 yake so. Jiki sai ya ga kamar yana cikin sanyi, ya shiga rawar ɗari har ya kai inda aka ce. Wannan shi ya cancanci a kira zazzaɓi ko masassara, shi ne kuma farasitamol ke saukarwa. Na biyu shi ne inda ƙwaƙwalwa ba ta ɗaga kome ba, zafi ne ya yi wa jiki yawa ya rasa yadda zai fitar, kamar wanda rana ta buge a gonar albasa cikin watan Afrilu. Wannan gara a kira shi ƙunar jiki. Farasitamol ba ya yi masa kome, sai an kashe tushen zafin an kuma sanyaya jiki da ruwa da ƙanƙara. Ma'auni ba ya bambanta su, lamba ɗaya zai nuna. Likita ne zai bambanta, da sauri kuma.

Abin da yake fara dubawa shi ne kayan aikinsa. Watakila bargon ya yi yawa, ko injin ɗumama ruwa ya zarce, ko ma'aunin ne ya goce daga wurinsa. Wannan ya fi faruwa ga ƙananan yara. A kashe bargo, a sa wani ma'auni a wani wuri, magana ta ƙare.

In ba haka ba ne, zato na farko yakan faɗa kan ƙwayoyin cuta. Mai jiran dashe garkuwarsa ta riga ta raunana. Ruwan da ya taru a cikinsa yakan kamu da ƙwayoyi ba tare da ciwo mai tsanani ba, haka hanyoyin madaciya in sun toshe, haka huhu da mafitsara, haka robar da aka daɗe da sa masa a jijiya. Yana iya shiga tiyata da su a ɓoye. Da likitan fiɗa ya soma taɓa hanta da hanji, ya matse babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, sai ƙwayoyin da gubarsu su kwararo cikin jini. Wani lokaci kuma baƙuwar hantar ce ta zo da su, ko ruwan da aka adana ta ciki. Alamarsa ita ce zafi tare da faɗuwar bugun jini wadda ba ta jin magani. Ba a jiran sakamakon awo, domin shi sai ya kwana ɗaya ko biyu. Akan ɗebi jini da ruwan ciki a aika ɗakin gwaji, a sa maganin kashe ƙwayoyi mai faɗi nan take.

Sai ƙarin jini. Dashen hanta yana cikin ayyukan da suka fi cin jini, kowace leda kuwa daga jikin wani mutum dabam ta fito. Mafi sauƙin abin da kan faru shi ne jiki ya yi gardama da fararen ƙwayoyin jinin da aka ƙara masa, zafi ya ɗan tashi ya sauka. Wannan ya fi samun wanda aka sha yi wa ƙarin jini, kamar mai sikila, da macen da ta haihu da yawa. Mai haɗari shi ne a yi kuskuren leda, a ba mai rukunin O jinin rukunin A ko B. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin nan, kuskuren da ke aukuwa yau kuwa akasari na rubutu ne da lakabi. Mutumin da ke farke zai yi kukan ciwon baya da ƙirji tun jinin bai yi nisa ba. Wanda ke cikin barcin tiyata ba shi da baki, sai dai fitsarinsa ya yi ja, bugun jini ya faɗi, rauni ya dinga tsattsafo da jini ta ko'ina, ma'auni ya hau. Akwai kuma ledar ƙwayoyin daskarar da jini, wadda ba a sa ta a firji, a ɗumin digiri 20 zuwa 24 ake ajiye ta, saboda haka ita ta fi saurin rainon ƙwayoyin cuta. Ko wanne ne, matakin farko ɗaya ne: a tsayar da ledar, a sake duba suna da lamba.

Magunguna ma suna da nasu. Wasu masu ƙarfi daga cikin na danne garkuwa, irin waɗanda ake samowa daga jinin zomo ko doki, sukan ta da zazzaɓi a karon farko. Akwai wani shuɗin magani da akan ɗura in bugun jini ya ƙi tashi, wanda in ya tarar da wasu magungunan ciwon damuwa a jikin mutum sai su haɗu su ta da zafi mai tsanani. Mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, in ba a gano ba aka kwantar da shi, wahalar tiyata tana iya tunzura maƙoƙon, zuciya ta yi ta gudu, jiki ya yi zafi. Akwai ma hawan ma'auni na alheri: in sabuwar hanta ta kama aiki, murhu ya dawo, ɗumi yakan tashi a hankali zuwa inda ya kamata, likitoci kuwa murna suke yi da wannan. Hantar da ta ƙi tashi, sanyi take bari.

To ina maleriya, wadda da ita aka buɗe magana? Tana nan, kuma tana da dangantaka ta kusa da hanta. Cikin 1948 Shortt da Garnham suka nuna cewa ƙwayar da sauro ya zuba, hanta take fara sauka ta hayayyafa kafin ta fito cikin jini. Nau'in da ya fi yawa a Nijeriya ba ya daɗewa a can, amma akwai nau'i biyu da sukan kwanta barci cikin hanta watanni, har shekaru, ɗaya daga cikinsu kuma ana samunsa a Afirka ta Yamma. Babban mutumin da ya tashi a bakin fadama yana iya yawo da ƙwayar a jininsa lafiya lau, domin jikinsa ya saba. In aka yi masa babbar tiyata aka danne garkuwarsa, sai ta sami sarari. Ƙanen da ya ba shi hanta, gida ɗaya suka fito, sauro ɗaya ya cije su. Ƙwayar kuma ba ta mutuwa don an sa jini a firji. An sha samun maleriyar da ta bi ledar jini, an kuma samu wadda ta bi dasasshiyar hanta. Sai dai ita ba ta cika tasowa ana tsakar aiki ba, takan jira kwanaki ko makonni bayansa. Ga abin mamaki: a gida kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasi, a asibitin ƙasar da ba ta da sauron kuwa ita ce ta ƙarshen zuwa a zuciyar likita. Awon ɗigon jini na mai bayarwa da mai karɓa kafin tafiya ba ya kai kuɗin motar Jega zuwa Sakkwato da dawowa.

Ƙunar da ake gado

Saura guda, wanda ya fi duka wuyar aukuwa, ya kuma fi duka saurin kisa. Cikin 1960 aka kawo wani saurayi asibiti a Melbourne ta Ostireliya da karayar ƙafa. Da a Aliero ne, da watakila gidan masu ɗori aka nufa da shi, ba a kai ga maganin barci ba. Shi da iyayensa ba karayar ta dame su ba, maganin sa barcin suke tsoro, domin mutum 10 cikin danginsu sun mutu ta dalilinsa. Likitoci suka sauya magani, suka ba shi halotan, wanda sabo ne a lokacin. Cikin 'yan mintoci zuciyarsa ta rikice, jiki ya yi zafi, ya jiƙe da gumi. Aka tsayar da maganin, aka lulluɓe shi da ƙanƙara, Allah ya yi da sauran kwanansa. Likita Michael Denborough ya bi salsalar gidan, ya nuna cewa abin gado ne.

Yadda abin yake shi ne, a cikin kowace tsoka akwai wata ƙofa mai sakin sinadarin kalsiyam in ana son tsoka ta motsa, ta kuma rufe in an gama. Masu wannan gado ƙofarsu tana da lahani, amma suna rayuwarsu ba su san da shi ba, har ranar da suka shaƙi iskar sa barci irin su halotan da danginsa, ko aka yi musu wata allura mai saki tsoka da sauri. Nan take ƙofar ta buɗe ta ƙi rufuwa. Tsokar jiki duka ta ɗaure, ta shiga ƙone abinci da iska ba ƙaƙƙautawa. Alamar farko ita ce iskar kabon da majinyaci ke fitarwa ta yi ta hauhawa ko an ƙara masa numfashi, zuciya ta yi sauri, muƙamuƙi ya ƙage. Zafin yakan biyo baya, in ya zo kuwa yana iya hawa digiri guda cikin 'yan mintoci, har ya wuce 41. Wannan ƙunar jiki ce tsantsa, ƙwaƙwalwa ba ta da hannu ciki.

Abin da ya sa ta fi wuyar ganewa a dashen hanta shi ne, sauran alamunta duk baƙin da aka saba gani ne a wannan aiki. Jini ya yi tsami, sinadarin fotashiyam ya hau, zuciya ta rikice: duk waɗannan sukan faru a daidai lokacin da aka saki jini cikin sabuwar hanta, ko babu wata ƙuna. Ga kuma sanyin da aka bayyana a baya yana rufe zafin. Likita yana iya ɗora laifin a kan hanta, alhali tsoka ce ke ci da wuta.

A da, mafi yawan waɗanda abin ya kama mutuwa suke yi, kimanin 7 cikin 10. Cikin 1975 Gaisford Harrison, a Cape Town ta Afirka ta Kudu, ya nuna cewa maganin dantirolin yana kashe wutar a jikin aladu masu irin wannan lahani, cikin 1979 kuma Amurka ta amince a yi wa mutane amfani da shi. Inda maganin yake a kusa, aka kuma gane abin da wuri, masu mutuwa yanzu ba su kai 1 cikin 10 ba.

Maganar da ke bakin dangi

In an lura da labarin Melbourne, abin da ya fara faɗakar da likitoci magana ce ta iyaye. Haka yake ga mafi yawan abubuwan da aka ambata. Wa aka taɓa yi wa ƙarin jini, sau nawa, ya ya jikinsa ya karɓa? Wane magani yake sha, na asibiti da na kanti da na gargajiya? Yaushe ya yi masassara ta ƙarshe? Akwai wanda ya shiga tiyata a dangi bai fito ba? Duk amsoshin nan da Hausa suke, a bakin majinyaci da matarsa da mahaifiyarsa, kuma sai sun ratsa ta bakin tafinta kafin su isa kunnen likita a Delhi ko Alƙahira.

A nan ne nazarin harshe ke da abin cewa. Kalmar shawara kaɗai ta isa misali. Bahaushe yana kiran ɗorawar ido shawara, yana kiran ciwon hanta shawara, yana kiran zazzaɓin nan mai kisa da ake yi wa matafiya allurarsa shawara, wani ma kasala da ɗacin baki yake nufi. Tafintan da ya zaɓi ɗaya daga ciki ya juya wa likita, ya riga ya yanke hukuncin da ba nasa ba ne. Haka in an ce mutum yana shan magani, sau da yawa na asibiti kurum ake lissafawa, jiƙo da tsimi da sassaƙe ba sa shiga, ko don ana ganin su abin sha ne na yau da kullum, ko don ana jin kunyar likita. Masana irin su Lewis Wall, wanda ya buga littafinsa kan magungunan Hausa cikin 1988, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan wannan jiha, sun tattara sunayen cututtuka da yadda Bahaushe ke fahimtarsu. Abin da ya rage shi ne a zauna da likitoci a fitar da ƙamus na asibiti wanda nas da tafinta za su riƙe, kuma sassan Hausa na jami'o'i sun yi jinkiri a kan wannan aiki.

Tambayar mutuwa a dangi ta fi kowace nauyi. In mutum ya rasu a tiyata akan ce kwana ya ƙare, haka ne kuwa, ba a kuma son tone-tone, a bar kaza cikin gashinta. Amma yarda da ƙaddara bai hana a riƙe labarin yadda abin ya auku ba. Lahanin nan daga uwa ko uba ɗaya yake bi, kowane ɗa kuma yana tsakanin samu da tsira rabi da rabi. Gidan da suka san wani kawunsu ya shiga aikin ƙaba da ƙafarsa, jikinsa ya yi zafi ya sandare a kan gado, suna riƙe da labarin da zai ceci 'ya'yansu. Akwai magungunan sa barci na allura, da allurar baya, waɗanda ba sa ta da wannan ƙuna, likita kuwa zai zaɓe su in an gaya masa. Wannan bai tsaya ga mai zuwa Indiya ba. Iskar da allurar da ke ta da ita ana amfani da su wajen fiɗar haihuwa da aikin ƙaba da na hanji, a Birnin Kebbi da Sakkwato da duk inda ake sa mutum barci.

Ma'aikatan da ke zaune kan kasafi da sayen kayan asibiti, su ma akwai nasu lissafi. Dantirolin irin wanda aka saba da shi yana zuwa ne gari cikin kwalba, kowace miligiram 20, sai an narka ta da ruwa mililita 60. Awon farko miligiram biyu da rabi ne ga kowane kilo na nauyin majinyaci, watau mai kilo 70 yana bukatar kwalba 9 kafin a ce an fara, sau da yawa kuma sai an maimaita. Don haka ƙungiyoyin likitocin sa barci suka ba da shawarar a ajiye kwalba 36 a inda hannu zai kai cikin 'yan mintoci. Maganin yana da tsada, wa'adinsa kimanin shekara 3 ne, asibiti kuma yana iya sayensa sau uku ko huɗu yana zubarwa ba a buɗe kwalba ko ɗaya ba. Mai binciken kuɗi in ya zo zai rubuta shi cikin asara. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, daga Jega zuwa Sakkwato kuwa tafiyar awa biyu ce ko fiye, ƙunar nan kuma ba ta ba da awa guda.